Yaya ake gane ciwon dajin da ƙurar asbestos ke haddasawa?

Mai Awon Gini:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga likitoci da ma'aikatan lafiyar da ke tare da mu. An daɗe ana gargaɗin magina da kanikawa a kan ƙurar asbestos, kowa kuma ya ji cewa tana kawo ciwon daji. Abin da ba a cika yin bayaninsa ba shi ne yadda ciwon ke farawa. A ɗauka ga mutum mai shekara 60 da ɗoriya, wanda da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana yankan fallayen rufi da silin na asbestos da zarto, ya kuma bar sana'ar tun tuni. Yanzu haki yake yi idan ya hau bene, ga wani ciwo a haƙarƙarin dama da ya ƙi tafiya. Me zai raba wannan da tsufa, ko asma, ko tarin fuka? Wace alama ce ke fara zuwa? In an je asibiti, wane gwaji ake fara yi, wanne ke biye masa? Allah ya saka da alheri.

Likitan Ƙirji:

Wa alaikumus salam, Malam. Siffar nan da ka kawo ta isa a yi wa mutumin hoton ƙirji cikin mako biyu, kada a tsaya jiran wata alama ta ƙaru. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ke nan: duk wanda ya kai shekara 40, ya taɓa shaƙar asbestos, sannan aka ga ko da ɗaya daga cikin tari, kasala, ƙarancin numfashi, ciwon ƙirji, rama ko rashin son abinci ba tare da wani dalili ba, a ɗauke shi hoto da gaggawa.

Dajin da aka fi sani da asbestos sunansa mesoteliyoma, kuma ba a cikin naman huhu yake tsirowa ba. Akwai wani siririn tantani mai ninki biyu, ninki ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗayan ya manne a bangon ƙirji ta ciki. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa, mililita 10 zuwa 20, mai sa su riƙa zamewa a kan juna yayin numfashi. A wannan tantanin ciwon ke kamawa ga wajen mutum takwas cikin goma na masu shi, kuma kusan duk alamunsa daga nan suke fitowa.

Haki ne ya fi zama na farko. Tantanin da ya kamu yakan riƙa tsattsafo da ruwa, ruwan ya taru tsakanin ninkin biyu, lita ɗaya, biyu, wani lokaci har uku, ya danne huhun wannan gefen ya hana shi buɗewa. A hankali abin ke zuwa, cikin makonni ko watanni, shi ya sa ake ɗora shi a kan shekaru. Za ka ga mutumin da ya saba haye matakala a tashi ɗaya yanzu yana tsayawa a tsakiya, hannu a kan ƙarfen dafawa, yana jira numfashi ya dawo. Daga baya ko doguwar magana sai ya yanke ta ya ja iska. Bambancinsa da asma: ba ya zuwa ya tafi, ba a jin fito a ƙirji, abin shaƙa na masu asma kuma ba ya yi masa komai. A lura da kwanciyarsa ma. Mai ruwa da yawa a gefe ɗaya yakan fi son kwanciya a kan gefen mai ciwon, don in ya kwanta a kan lafiyayyen ya danne huhun da ya rage masa.

Sai ciwo. Galibi ba irin mai suka ba ne kamar na nimoniya, wanda ke tsira mutum in ya ja numfashi. Wannan mai nauyi ne, yana ci a ciki ba dare ba rana, marar lafiya ba ya iya nuna shi da yatsa ɗaya, sai dai ya shafa tafin hannu a kan gefen gaba ɗaya. Yakan hau kafaɗa, domin jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga tsokar da ta raba ƙirji da ciki tushensu ɗaya da ta kafaɗa. Yakan kuma sauko saman ciki, a yi ta ba mutum maganin gyambon ciki wata da watanni. Idan ciwon gefe ɗaya ya haura mako uku, yana ƙaruwa, yana hana barci, farasitamol ya daina kwantar da shi, to ba gajiyar tsoka ba ce.

Rama da kasala da zufar dare da ɗan zazzaɓi sukan biyo baya. Ramar da za a damu da ita ita ce ta kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a cikin wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba, wato mai kilo 70 ya sauke uku da rabi. Tarin, in akwai shi, busasshe ne. Jini a kaki ba ɗabi'ar mesoteliyoma ba ce, ya fi nuna dajin huhu ko tarin fuka, amma dajin huhun ma asbestos na kawo shi, don haka wannan ba abin kwantar da hankali ba ne.

In ciwon ya yi nisa, tantanin yakan yi kauri ya zagaye huhu kamar ɓawo. Gefen ƙirjin ya shige ciki, haƙarƙari su matsu, kafaɗar wannan ɓangaren ta sauko. Ana iya ganin farkon wannan a gida. Mutum ya cire riga, a tsaya bayansa, a ɗora tafukan hannu a ƙasan haƙarƙarinsa manyan yatsu biyu suna haɗe a kan ƙashin baya, ya ja dogon numfashi. A lafiyayyen ƙirji yatsun kan rabu daidai wa daida. Idan ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya, akwai abin da ya riƙe wannan gefen. Sai dai ko yatsun sun rabu daidai, mai haki a yi masa hoto.

Jami'ar Lafiyar Ma'aikata:

Sannu da ƙoƙari, Likita. Zan ɗora a kan tarihin aiki, don a nan ake yawan yin saki na dafe. Duk alamun da Likita ya lissafa, cututtuka goma na iya kawo su. Abin da ke juya hankalin likita zuwa ga asbestos shi ne a faɗa masa an taɓa shaƙar ta, kuma marar lafiya ba ya faɗa, saboda aikin ya yi nisa har ya manta da shi.

Tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar mesoteliyoma yawanci shekara 20 zuwa 50 ne, an fi ganin 30 zuwa 40, da wuya ya zo ƙasa da 15. Zaruruwan asbestos sirara ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, ba su da wari, ba sa sa tari a lokacin da aka shaƙe su. Sukan wuce har ƙarshen huhu, wasu su kai ga tantanin. Ƙwayoyin jiki masu share datti sukan yi ƙoƙarin haɗiye su, su kasa saboda tsawonsu, wurin ya zauna cikin kumburi shekara da shekaru har ƙwayoyin tantanin su lalace. Birtaniya ta haramta shuɗin asbestos da mai ruwan ƙasa a 1985, fari kuma a 1999, amma har yanzu sama da mutum 2,000 ke mutuwa da mesoteliyoma a can duk shekara. Ƙurar shekarun 1960 da 1970 ce ke bin su.

Saboda haka kafin a je asibiti a zauna da takarda. A rubuta kowane aiki da mutum ya taɓa yi tun na farko, har da koyon sana'a da aikin hutu, da shekarar farawa da ta bari. A rubuta ko an yi yanka, huda, gurzawa ko rushewa, a rufaffen wuri ko a fili, da ruwa ko a bushe. Sana'o'in da suka fi shiga haɗari su ne masu naɗe bututun zafi da tukunyar tururi, ma'aikatan jiragen ruwa da na ƙasa, kafintoci, masu gyaran famfo, masu aikin lantarki, masu rufi, masu rushe tsofaffin gine-gine, da kanikawan da ke hure ƙurar burki da kuloci da iska.

Kada a tsaya ga mai aikin shi kaɗai. A 1960 likita J. C. Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bayanin mutum 33 masu wannan ciwo a Afirka ta Kudu, kusan dukkansu suna da alaƙa da yankin da ake haƙar shuɗin asbestos, kuma da dama ba su taɓa aikin haƙar ba, zama kawai suka yi a kusa, wasu tun suna yara. A 1965 Muriel Newhouse ta nuna a Landan cewa 'yan gida ɗaya da ma'aikatan ma suna kamuwa. Matar da ta yi shekaru tana kakkaɓe kayan aikin mijinta kafin wanki ta shaƙi rabonta. In ita ce ta fara haki, ba wanda zai yi tunanin asbestos sai an ambata.

Maganar taba: ba ta ƙara haɗarin mesoteliyoma, amma a dajin huhu ita da asbestos ninka juna suke yi. Binciken da su Irving Selikoff suka yi a kan masu naɗe bututu a Amurka ya nuna asbestos kaɗai na ninka haɗarin wajen sau 5, taba kaɗai wajen sau 10, in sun haɗu wajen sau 50. Hukumar binciken daji ta duniya ta kuma tabbatar asbestos na kawo dajin maƙogwaro da na ƙwan mace, don haka dishewar muryar da ta wuce mako uku ita ma a kai ta asibiti.

Fallen simintin asbestos da ke zaune lafiya, bai fashe ba bai rududduge ba, ƙurar da yake saki kaɗan ce. Zarto da injin yanka da guduma ne ke tayar da ita.

Malamin Ɗakin Gwaji:

Malam, ga yadda gwajin ke tafiya, da wuraren da ake tuntuɓe.

Hoton ƙirji ne farko. Wanda aka ɗauka ta gaba ba ya nuna ruwa sai ya kai wajen mililita 200, don haka in hoton ya fito fes amma ciwo na nan, a nemi sikanin na ƙirji, shi yana ganin ruwa kaɗan. Ruwa a gefe ɗaya shi ne abin tuhuma. Na ciwon zuciya galibi gefe biyu yake cikawa, ga kumburin ƙafa, kuma yana ja baya in an ba da maganin sa fitsari.

Na biyu, hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki yanki-yanki, tare da allurar rini a jijiya. An fi so a yi shi kafin a zuƙe ruwan ƙarƙaf, domin ruwan na taimakawa tantanin ya fito sarai. Abin da ake nema: kaurin da ya wuce santimita 1, ko mai ƙulli-ƙulli, ko wanda ya zagaye huhu, ko ya kama ɓangaren da ke kusa da zuciya.

Na uku, a ɗebi ruwan da allura ana kallo ta sikanin. Mililita 50 ta isa gwaji. In don a sauƙaƙa numfashi ne, ba a wuce lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, saboda huhun da ya daɗe a danne in ya buɗe da sauri yakan cika da ruwa ta ciki, numfashi ya ƙara lalacewa. Ruwan kan fito rawaya ko gauraye da jini, wani lokaci da ɗan yauƙi.

A nan babban tuntuɓen yake. Duba ƙwayoyin ruwan a madubin likita ba ya kama mesoteliyoma sai a wajen mutum ɗaya cikin uku. Takarda ta dawo an rubuta ba a ga ƙwayoyin daji ba, iyali su yi hamdala, a sallami mutum. Wannan sakamakon bai wanke shi ba. In an maimaita sau ɗaya ba a samu ba, ba amfanin a yi ta huda shi, sai a wuce ga ɗebo ɗan yankin tantanin kansa. Hanyar da ta fi ita ce a zura siririyar kyamara ta tsakanin haƙarƙari, likita ya ga wurin da idonsa ya tsinko daga wurare da dama, wannan na bayar da amsa ga fiye da mutum tara cikin goma. Naman kuma sai an yi masa rini na musamman, irin su kalretinin da WT1, don a raba shi da dajin huhu ko na nono da ya bazu zuwa tantanin, tunda maganinsu ba ɗaya ba ne.

Tuntuɓe na biyu shi ne tarin fuka. Shi ma yana tara ruwa a gefe ɗaya, da rama, da zufar dare, har ruwan nasu kan yi kama a gwaji. A ƙasashen da ya yi yawa akan fara maganinsa bisa zato, kuma sau da yawa daidai ne, domin shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amma a sa ido. Mai tarin fuka na gaske zazzaɓinsa kan sauka cikin mako biyu da fara magani, ruwan ya ja baya cikin mako 6 zuwa 12. Idan an yi wata biyu ana shan magani ba fashi, ruwa na dawowa bayan kowace zuƙa, ciwo na ƙaruwa, rama na ci gaba, a koma wa likita a sake lale, kada a jira wata shida su cika. Kada kuma marar lafiya ya yanke maganin da kansa. Gwajin ADA, wani sinadari da ke yawaita a ruwan in tarin fuka ne, yana taimakawa: in ya yi ƙasa da 40, da wuya tarin fuka ne.

Mai Awon Gini:

Allah ya ƙara basira, na gode ƙwarai. Saura biyu. Likita ya ce takwas cikin goma a ƙirji ne, to sauran fa? Sannan wanda ya san ya shaƙi ƙurar amma lafiyarsa lau, ya riƙa zuwa hoto duk shekara ne?

Likitar Fiɗa:

Mafi yawan sauran a ciki ne, Malam, a tantanin da ya lulluɓe hanji da bangon ciki. Alamar da ta fi fitowa ita ce ciki na girma saboda ruwan da ke taruwa, alhali hannuwa da fuska na ramewa. Wando ya matse a ƙugu, riga kuma ta yi yawa a kafaɗa. Mutum ya ci loma kaɗan ya ji ya cika, ga ciwon ciki marar takamaiman wuri, bayan gida ya sauya. Wani lokaci abin da ke kai shi asibiti sabuwar ƙaba ce a cibiya ko a matsematsi, wadda matsin ruwan ya turo.

Akan ɗauke shi a matsayin ciwon hanta, ko tarin fuka na ciki, a mata kuma dajin ƙwan mace. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba hanya: a auna albumin, wani furotin, na jini da na ruwan cikin a rana ɗaya, a cire na ruwan daga na jinin. In tazarar ta kai 1.1, hanta ko zuciya ake tuhuma. In ta gaza haka, matsalar a tantanin take, sai CT da ɗebo nama. Gano na ciki da wuri yana da riba sosai, domin waɗanda jikinsu zai ɗauka ana yi musu fiɗa a kwashe abin da ido ke gani, a wanke cikin da maganin daji mai ɗumi, wasu kuma sukan yi shekaru bayan haka.

Yana kama tantanin zuciya ko na maraina, amma da wuya ƙwarai, kowanne bai wuce ɗaya cikin ɗari ba. Amai ba tsayawa tare da kumburin ciki, ba bayan gida ba tusa, toshewar hanji ce, a tafi asibiti a wannan daren.

Likitan Ƙirji:

A kan hoton shekara-shekara, Malam, babu gwajin jini ko hoton da aka tabbatar yana rage mutuwa daga mesoteliyoma ga wanda ba shi da alama. Kuma yawancin waɗanda suka shaƙi asbestos ba sa kamuwa da shi, kada tsoro ya hana kowa barci. Wanda ya haɗa asbestos da taba dai ya tambayi likitansa ko ya cancanci CT mai ƙarancin haske don dajin huhu, ya kuma bar tabar yau, ko ya haura 60.

Wani abu da ke firgita mutane a banza shi ne fararen tabo masu tauri da akan gani a tantanin a hoto, galibi gefe biyu. Shaida ce cewa an shaƙi asbestos, amma ba daji ba ne, ba kuma sa rikiɗewa su zama daji. Haka taurin huhu da ake kira asbestosis, mai haki da busasshen tari da kumburin kan yatsu, ciwo ne mai wahala amma shi ma ba daji ba ne, kodayake mai shi haɗarin dajin huhunsa ya ƙaru.

Ba zan ɓoye ba, mesoteliyoma na ƙirji ciwo ne mai tsanani, rabin masu shi ba sa wuce shekara guda da kaɗan bayan gano shi. Amma akwai abin yi. Tun 2004 ake amfani da magungunan daji pemetrexed tare da cisplatin, a 2020 kuma aka amince a Amurka da nivolumab tare da ipilimumab, waɗanda a gwajinsu matsakaicin tsawon rai ya kai wata 18 maimakon 14. Waɗannan magunguna sai mai sauran ƙarfi ake ba, wanda ke iya tashi ya yi hidimar kansa, shi ya sa watannin da ake ɓatawa kan maganin gyambon ciki suke da tsada. Ruwan da ke dawowa ma ana tsayar da shi, ko a zuba wata hoda ta manne ninkin biyu, ko a sa siririn bututun da ake zuƙewa a gida.

Kada a jira ranar ganin likita idan haki ya zo ana zaune, ko numfashi ya haura 30 a minti, ko leɓe ya yi duhu, ko fuska da wuya suka kumbura jijiyoyi suka fito, ko aka yi tarin jini. In kuma an taɓa huda ƙirjin, a riƙa shafa wurin tabon, domin wannan dajin yakan bi hanyar allura ya fito da ƙulli a ƙarƙashin fata. Ranar zuwa asibiti a ɗauki takardar tarihin aikin da Jami'ar Lafiyar Ma'aikata ta ce, da duk wani tsohon hoton ƙirji ko na shekara goma ne, don a ɗora shi kusa da sabon a ga abin da ya sauya.